Ruwan Waɗanda Ba Su Yi Faɗa Ba

Akwai wani tsohon tela da idonsa ya daina ganin kafar allura, sai ya jingine keken ɗinki ya karɓi aikin riƙon makullin famfon unguwa. Tun daga nan kowa Mai Makulli yake ce masa.

Ga asalin aikin. Manyan ƙabilu biyu ne a unguwar, mutanen tudu da mutanen gangare. Wata rana gardamar layin ruwa ta zama zagi, zagi ya zama jifa, jifa ya kai ga ƙona shaguna. Da abin ya lafa, gwamnati ta turo jami'in sulhu. Ya ajiye kujeru biyu, ya zaunar da shugabannin ɓangarorin, aka yanke: safiya ta tudu, yamma ta gangare, da tsakar rana kuwa a garƙame famfon don kada ma a haɗu.

Aka zaɓi tsohon tela saboda uwarsa 'yar tudu ce, ubansa ɗan gangare. Jami'in ya ja masa kunne: "Baba, ranar da ka buɗe ba kan ƙa'ida ba, a bakin aikinka." Da wannan aikin kuwa ake ɗora tukunya a gidansa.

Rannan da rana tsaka yana gyangyaɗi a jikin famfon, sai ga wata dattijuwa da bokiti. Cikin masu saƙar kwando take, 'yan gidaje kaɗan a bayan tsohuwar tasha, masu harshensu daban. Ranar rikici ƙofa suka rufe.

"Mai Makulli, ni yaushe ne nawa?"

"Iya, ke 'yar tudu ce ko 'yar gangare?"

"Ka ji ka! Ba kai ka ɗinka wa mijina riga ba, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

Ya sosa ƙeya. "To ki zo da safe."

"Na zo, suka ce in jira 'yan'uwana da yamma. Na koma da yamma, suka ce tudu ne suka turo ni leƙen asiri. Jikata tana kwance da gudawa, ruwan kududdufi muke sha."

Mai Makulli ya tashi. Ya ja takalmi har ofishin jami'in.

"Ranka ya daɗe, su fa masu kwando?"

"Su wa? Wane ɓangare suke?"

"Ba ko ɗaya."

"Sun yi faɗa da wani?"

"A'a."

"To ai ba su da matsala ke nan, Baba."

Ya fito kansa ya fi ɗaurewa. A gida ya zayyana wa matarsa. Ta ce, "Malam, makulli a aljihunka, mai ƙishi a gabanka, me ya rage?"

"Aikin fa?"

Ta dubi tukunyar da ke kan murhu. "Ni ma yanzu ka rikita ni."

Washegari da rana ya tarar da Iya zaune a gindin famfon, da 'yan matan gidajensu da bokitai. Ba ta roƙe shi ba, kallonsa kawai take. Ya fito da makullin, ya mayar aljihu, ya sake fitarwa. Ya ce, "Allah, Kai ka san ban san daidai ba," ya buɗe.

Famfon tuƙa-tuƙa ba ya riƙe sirri. Ƙararsa ta kai tudu, ta kai gangare. Kafin bokiti ya cika, an taru ta ko'ina.

"Jinin ubansa ya motsa, gangare ya buɗe wa!"

"Ƙarya ne, nonon uwarsa ya ja shi!"

Ya juya nan, ya juya can, bai san wa zai fara ba haƙuri ba. Wani ya ci kwalarsa. Nan take masu kwando suka kewaye shi, suka sa shi a tsakiya, bokitai a ƙirji.

Jami'in ya iso yana gumi, ya miƙa hannu. "Baba, kawo makullin."

Iya ta ce, "Ɗana, kafin ka karɓa, gaya mini wa za mu jefa?"

"Jifa kuma, Iya?"

"E mana. Na ga waɗanda suka ƙona shaguna an ba su kujera, an ba su ruwa. Mu da muka zauna lafiya an bar mu da kududdufi. Nuna mana wanda za mu jefa, mu ma mu sha."

Mai riƙe da kwalar ya saki a hankali. Wata 'yar tudu ta taɓa kwandon da ke kanta, saƙar su Iya, ta sunkuyar da ido. Jami'in ya dubi hannunsa da ke miƙe, ya janye shi.

A zama na gaba kujeru uku aka ajiye. Aka ba masu kwando tsakar rana. Da aka zo maganar sauke Mai Makulli, Iya ta ce ita kujerarta ba ta yarda ba. Makullin ya zauna a aljihunsa, jikar Iya kuma ta warke ta miƙe.

Ba a jima ba matan tudu da na gangare suka fara saɗaɗowa da rana, wai layin ya fi sauƙi. Iya ba ta taɓa korar kowa ba. Har gaisuwa ta fara shiga tsakani.

Mai Makulli ya dube su, ya ce, "Iya, ni fa na sake rikicewa. Yanzu wannan lokacin na wa ne?"

Ta ce, "Na mai ƙishirwa. Tuƙa mana, tela."

Darasi: Sulhun da aka yi da masu ƙarfi kaɗai, aka manta da marasa yawa, bai cika ba. Kada hukuma ta bari sai mutum ya ɗauki dutse kafin a ga haƙƙinsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san akwai wani makulli a hannunsa.