Ƙararrawar Duna

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Poumpoumré, Alhaji Sharif, mai shagon atamfa a kasuwar Garoua. Yana da baƙin kare mai suna Duna da ya ajiye don gadi. Ajiyewar kawai ya sani. Ci da sha duk suna wuyan matarsa Lauratu.

Alhaji ba ya son haushi da rana. Duna na buɗe baki, takalmi zai sauka a kansa. To, kare ɗaurarre mai jin ƙishi ya yi yaya?

Maƙwabciyarsu Viviane ce ta koya wa Lauratu dabara. Lauratu ta rataya 'yar ƙararrawa a jikin darbejiyar da ake ɗaure Duna. Kafin ta zuba ruwa sai ta kama ƙafarsa ta taɓa ƙararrawar, sannan ta jefa masa kan busasshen kifin tafkin Lagdo. Ba a jima ba Duna ya gane. Ya daina haushin rana kwata-kwata, in ƙishi ya kama shi ƙararrawa yake bugawa.

Wata Juma'a Alhaji ya yi baƙi daga Kousséri. Suna zaune a inuwa sai ƙararrawa ta kaɗa, Lauratu ta fito da ruwa. Ɗaya daga cikinsu, Adoum, ya tuntsire da dariya.

"Alhaji, ashe a gidanka kare ke kira, matar gida ta amsa?"

Baƙi na fita Alhaji ya fizge ƙararrawar ya cilla ta bayan katanga.

"Kin mai da ni abin dariya a gaban mutane."

"Alhaji, gobe zan tafi garin Ngong sunan jaririn ƙanwata. Tunda ka cire, ka riƙa duba kwanonsa."

"Ni zan yi wa kare hidima? In yana son ruwa ya yi haushi kamar 'yan uwansa."

"Kai ka hana shi haushin ai."

Ko kallonta bai yi ba.

Watan Afrilu ne, tsakiyar zafi, kuma duk wanda ya san Garoua ya san abin da nake nufi. Daga Ngong Lauratu ta buga wa Alhaji waya tana tambayar Duna.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Ko tari ban ji ya yi ba."

Nan ta gane bai duba kwanon ba. Ba ta jira an raba naman suna ba ta hau mota.

Ta tarar da kwano a bushe ƙamas, Duna na kwance da sarƙa a wuya, ƙudaje sun riga ta isowa. Daidai inda ƙararrawar take a da, ɓawon bishiyar duk ya kankare, faratansa da busasshen jini. Bawan Allah ya yi ta kira har ya mutu. Wallahi ina rubutawa raina na ɓaci.

Alhaji ya fito yana gyara hula. "Ban ji komai ba fa. Kare ne dai, gobe sai a kawo wani."

"Ba za a ƙara ɗaure wani rai a gidan nan ba," in ji Lauratu. "Don dariyar baƙo ka kashe shi da ƙishi. A nan ka iya hana shi magana. Ranar da Allah zai ba shi baki ya faɗi abin da ka yi masa, sai ka je ka hana."

Ta ɗauko shebur ta ajiye a gabansa.

Shi ya haƙa ramin binne Duna da tsakar rana, babbar riga ta jiƙe sharkaf. Maƙogwaronsa ya bushe, ga Lauratu tsaye kusa da randa, amma ya kasa buɗe baki ya ce ta ba shi ruwa.

Darasi: Duk ran da ka ɗaure a gidanka amana ce, kuma za a tambaye ka. Kada tsoron dariyar mutane ya sa ka toshe bakin mai buƙata. Ku tura wa duk mai ajiye dabba, kafin zafin bana ya yi tsanani.