Direban da Ya Rage Shekarunsa

Akwai wani mutum mai tuƙa motar makaranta. Shekara talatin yana kwasar yara, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Dokar makarantar kuwa ita ce, in direba ya cika sittin da biyar, sai ya ajiye makulli.

Da lokacinsa ya yi, sai ya ce a ransa, "Ni za a sallama? Wa ya san hanyar nan kamar ni?" Ya tafi ya yi takardar rantsuwa, ya zubar da shekara bakwai, ya shafe furfura da baƙin rini.

Matarsa Rahila ta ce, "Baban Habila, gashi ka rina. Idon fa?"

Ya ce, "Idona garau yake." Alhali ko lambar waƙa a allon coci sai ya tambayi na kusa da shi!

Al'adarsa ce in yara sun sauka, ba ya zuwa baya, madubi kawai yake dubawa ya kulle. A dā idon ya isa. Bayan shekara uku, wata rana da bazara ya duba, ya hangi wani abu a kujerar ƙarshe, ya ce jaka ce aka manta. Ya rufe gilasai, ya bar motar a rana.

Bayan awa biyu, sai ga malamar aji ɗaya a guje. "Baba, ina Keziya? An ga ta shiga motarka!"

Ashe jakar nan yarinya ce barci ya ɗauke. Ya same ta sharkaf da gumi, ba ta motsi. Da ƙyar aka farfaɗo da ita a asibiti.

A can uwar yarinyar ta dube shi ta ce, "Baba, kai ka riƙa kai ni makaranta. Shi ya sa hankalina yake kwance."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Kashegari ya ajiye makulli a gaban shugaban makaranta, ya ce, "Shekaruna saba'in ba biyu."

Ma'anar misalin nan ita ce: motar nan aikin Ubangiji ce, yaran kuwa rayukan da aka ba mu amana. 'Yan'uwa, aikin ba namu ba ne, riƙo aka ba mu. Kai dattijon ikilisiya, ke shugabar zumuntar mata, sauka a kan lokaci ma hidima ce. Wanda ya ƙanƙame makulli bayan ƙarfinsa ya ƙare, ba shi yake shan zafin ba. Wadda take barci a kujerar baya ce take sha.