Wa Zai Raka Barira Gasar Rawa?

To, tunda an yi la'asar, rana kuma ta yi sanyi, ku matso kusa. Yau shari'a na kawo muku, ku ne kuma alƙalai. Kada wanda ya katse ni sai na kai ƙarshe.

A wani gari da layin dogo ya zo ya ƙare a cikinsa, an yi wata yarinya mai suna Barira, shekarunta bakwai. Tana da biyar mahaifiyarta ta rasu. Mahaifinta Malam Sidi shi ne mai gadin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, tashar da jirgi ya daɗe da daina zuwa. Su biyu kaɗai suke zaune a ɗakunan da ke bayan tashar. Malam Sidi ba mai magana ba ne, ita ma yarinyar tun rasuwar uwarta ta zama haka. A aji ba ta ɗaga hannu. In an fita tara, yara sun watsu wasa, sai ta zagaya bayan aji inda ba kowa, ta yi ta rawa ita kaɗai, ba kiɗa ba waƙa.

Wadda ta fara ganinta ita ce Malama Suwaiba, malamar ajinsu. Daga nesa aka turo ta aiki garin, ba ta da dangi ko ɗaya a nan, ita kaɗai take kwana a gidan malamai, har ta shekara biyu mutane ba su daina ce mata baƙuwa ba. Ta taga ta hango rawar, ta tsaya tana kallo har aka kaɗa ƙararrawa.

A wannan zangon aka kawo sanarwar gasar rawa ta makarantun firamare na ƙaramar hukumar. Hedimasta ya ɗora wa Malama Suwaiba aikin. Ta nemo hoton bidiyon waɗanda suka ci bara ta kalla a wayarta: 'yan mata ƙanana, riguna a ɗame cibiya a waje, siket bai kai gwiwa ba, ga jan baki ga gashin kanti, suna karkaɗa ƙugu da waƙar soyayya irin ta gidan biki. Ta ce a ranta, in wannan ne ke ci, wannan za mu yi. Ta zaɓi yara takwas, har da Barira, ta fara koya musu.

Da lokacin ɗinki ya yi, ta kwashe su zuwa gidan Inna Tasalla, tsohuwar da ke ɗinka wa makarantar kayan ɗalibai. Mijin Inna ya rasu, 'ya'yanta duk suna birni, sai Sallah ake kiranta a waya. Gidan shiru, in ban da ƙarar kekenta. Ta auna Barira, sannan Malama ta miƙa mata wayar ta ga irin ɗinkin. Inna ta daɗe tana duba, ta ajiye tef ɗin awo.

"Malama, wannan kayan na wa ne?"

"Na yaran nan ne, Inna. Haka ake yi yanzu."

"To ki kai wa masu yi. Ni ba na ɗinka wa 'yar shekara bakwai abin da ko amarya sai ta rufe ƙofa take sawa."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki mayafi ta tafi wurin hedimasta, shi kuma ya kira taron iyaye.

Taro ya yi zafi. Wasu suka ce a soke rawar gaba ɗaya, ba don a nuna wa jama'a 'ya'yansu suka sa su makaranta ba. Inna Tasalla tana cikin waɗannan. Wasu suka ce yara ne, me suka sani, laifin yana wurin mai mugun kallo, ba wurin rigar ba. Wata uwa ta ce 'yarta ta riga ta iya rawar, kullum tana yi a tsakar gida, ba ta ga abin da ya same ta ba. Wani uba ya tambaye ta, in an ɗauki hoton a waya ya bar garin nan, ta san hannun da zai faɗa? Aka yi ta yi har azahar.

Can Malama Suwaiba ta miƙe. Ta ce ita ta kawo rawar, laifinta ne. Ta ce da safen nan ta lura da Barira tana yin karkaɗar da aka koya mata, ta iya kuwa, amma fuskarta kamar ta mai shan maɗaci. Ta ce ta janye wannan rawar da waƙarta da kayanta, amma gasa ba za ta janye ba, za ta nemo abin da ya dace da shekarunsu.

Maganar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Iyaye huɗu suka cire 'ya'yansu don dai rawa ce. Uku suka cire nasu don ba za su kai su a yi musu dariya da rawar ƙauye ba. Saura Barira. Malam Sidi bai zo taron ba, ba shi da mai karɓarsa a bakin aiki. Da aka je aka tambaye shi, sai ya dubi 'yarsa ya ce, "In tana so, ta yi." Yarinyar ta gyaɗa kai.

To, mutum uku ne suka tsaya mata, ga abin da kowannensu ya yi.

Malama Suwaiba ta tarar dokar gasar ta ce ƙungiya ake so, ba mutum ɗaya ba. Sau uku tana hawa acaɓa zuwa ofishin ilimi, tana wuni a kan benci, har jami'in ya gaji da ganinta ya sa hannu a karɓi Barira ita kaɗai. Kullum bayan an tashi, sai su rage su biyu a aji. Ba ta ƙara kallon waya ba. Ta ce wa Barira ta yi mata irin wadda take yi a bayan aji, ta riƙa tsintar takun yarinyar tana jera su, ta haɗa da tsalle da tafi irin na gaɗa. Sauran malamai suka ce ta jawo wa makaranta rigima, suka daina kiranta cin abinci. Sai ta riƙa cin nata a aji.

Inna Tasalla kuwa tana ganin magana ta ƙare. Sai ga Barira kullum in za ta wuce gida ta tsaya a bakin ƙofarta tana kallon keke. Kwana huɗu tana haka. Ran na biyar ta buɗe baki.

"Inna, ni ba za a yi mini riga ba?"

Inna ba ta taɓa jin muryarta ba sai ran nan. Har yanzu ra'ayinta bai canza ba, ba ta yarda a tsayar da yarinya gaban jama'a ba, ta kuma faɗa wa Malama haka ido da ido. Amma ta ce in dai za ta tsaya, ba za ta tsaya da kayan kunya ba, ba kuma za ta tsaya da tsumma ba. Ta buɗe akwati ta ɗauko wani saƙi mai shuɗi da fari da ta ajiye wa jikarta, wadda aka yi ta alkawarin za a kawo mata ba a kawo ba. Ta yanka shi. Ta ɗinka riga mai dogon hannu har idon sawu, ƙasanta da faɗi yadda in an juya za ta buɗe, da wando a ciki. Sau uku tana warwarewa, tana sa yarinyar ta yi tsalle ta juya a tsakar gida don ta ga ko wani wuri zai ɗage ko zai harɗe ta. Matan da suka so a soke rawa suka ce ta ci amanarsu. Waɗanda suka so rawar zamani dama sun ce ita ta ɓata komai. Duka biyun suka daina leƙo ta.

Riga ta samu, rawa ta samu, babu kiɗa. Nan ne na uku ya shigo, Baba Mati, tsohon makaɗin kalangu. Da can ba a biki a garin sai da shi. Tun da lasifika ta zo aka daina kiransa, idonsa kuma ya soma dushewa, ya koma wani ɗaki a gefen kasuwa, kalangun yana rataye fatarsa ta tsage. Ba wanda ya gayyace shi taro, ba wanda ya aika masa. A bakin mahauta ya ji labari. Ya nemi fata ya gyara kalangunsa da lalube, ya dogara sanda har makarantar.

Ya ce wa Malama, "'Yata, kuna ta faɗa a kan riga. Kiɗa ne ke ba jiki umarni. Akwai kiɗan da ke kiran ƙugu, akwai wanda ke kiran ƙafa. Yaro na ƙafa ake yi masa."

Ba ya ganin yarinyar sosai, don haka ya ce ta cire takalmi ta taka ya ji. Ya kasa kunne ga sawunta, ya sa kalangu ya bi ta, bai sa ta bi kalangu ba. Bai kuma ɓoye ba, ya ce rabin abin da ya kawo shi yarinyar ce, rabi kuma yana so a sake jinsa ko sau ɗaya kafin ya mutu.

Ran gasa ɗakin taro ya cika. Makarantu suka yi ta fitowa da lasifika da kaya masu ƙyalli, ana ihu, samari sun ɗaga wayoyi. Da aka kira makarantarsu, sai ga yarinya ɗaya tak da doguwar riga, bayanta Malama riƙe da hannun tsoho. Aka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ina sauran?" Barira ta sandare. Baba Mati ya fara kiɗa, ba ta motsa ba. Sai ya tsaya. Ya matse kalangun a hammata, a hankali ya sa kalangun ya kira sunanta, sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta ɗaga ƙafa. Ta yi tsalle, ta tafa, ta juya, rigar ta buɗe ta zagaye ta, ba abin da ya fito sai tafin ƙafarta. Tana dariya. Ɗakin ya yi tsit.

Alƙalai suka daɗe suna gardama, su ma kansu a rabe yake. Daga ƙarshe aka ba Barira ta ɗaya. Wasu suka tafa, wasu suka fita suna tsaki.

Bayan mako biyu takarda ta iso. Za a yi zagayen ƙarshe a babban birnin jiha, kwana biyu. Kiɗa a naɗe za a aika da shi, an kuma riga an naɗi na Baba Mati. Mota za ta zo ranar Alhamis da safe, kowane yaro da babba ɗaya, malami ko wani na gida. Kujera ɗaya ce, ba ƙari. Malam Sidi ya nemi a ba shi mai riƙe masa tasha, bai samu ba.

Ranar Laraba da yamma su ukun suka zo tashar, kowa da ƙafarsa, ba wanda ya san ɗan'uwansa zai zo. Suka zauna a kan tsohon bencin fasinjoji. Malama ta riga ta nemi izinin kwana biyu. Inna ta wanke mayafinta na fita, ta sa allura da zare a jaka ko rigar za ta buƙaci gyara. Baba Mati ya yi aski. Ba wanda ya ce a ba shi kujerar. Kowa sai ya ce ya zo ne ya yi wa yarinya sallama.

Malam Sidi ya gane. Ya ce, "Wallahi ban san wanda zan kalla in ce ya zauna ba." Ya juya ga 'yarsa. "Barira, wa kike so ya raka ki?"

Ta dubi Malama, ta dubi Inna, ta dubi Baba. Sai ta cusa fuskarta a rigar ubanta. Suka ci gaba da zama su biyar, suna kallon layin dogo.

Nan na tsaya, saura naku. Ba don Malama ba, da ba wanda ya san yarinyar na rawa, da kuma ba a karɓe ta a gasar ba, amma ita ce ta fara kawo rawar da ba ta dace ba. Ba don Inna ba, da an fitar da yarinyar cibiya a waje, amma da an bi ta tata, da Barira ba ta taka ko'ina ba. Ba don Baba Mati ba, da ta sauko tana kuka ran nan, amma shi ne ya zo a ƙarshe, ya kuma ce da bakinsa rabi don kansa ya zo.

To, gobe da safe mota za ta tsaya a ƙofar tasha. A cikin su ukun nan, wa ya fi cancanta ya hau ya zauna kusa da Barira?