Kura da Allon Kilishi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta.

Wata shekara aka yi yunwa a daji. Sai Malama Hasbiya ta buɗe makarantar yara a gindin tsamiya. Da safe a yi ba, bi, bu, da hantsi a koyi rabo. Takan shimfiɗa fallen kilishi, ta rubuta kashi iri biyu a kan allo, da lamba da kuma haruffa. Yaro ya karanta, ya zaɓa, a yanka masa.

Sai ƙamshi ya kai hancin Kura. Kwananta biyu ba ta sa komai a baki ba. Ta ja 'yarta Tasalla, wai rakiya ta zo. Kura kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani ba, lamba kaɗai take ganewa, amma ta zauna tana gyaɗa kai kamar ita ta rubuta allon.

Aka zo kan Tasalla. Ɗaya bisa biyu, ko ɗaya bisa huɗu? Yarinya ta sa yatsa a ƙarƙashi tana haɗawa: "Ra... bi..."

Kura ta ce, "Rufe min baki! Huɗu ta fi biyu. Malama, huɗu!"

Sai aka miƙo musu yanki kamar tafin hannu.

Washegari ta hango takwas. "Yauwa, yau mun dace!" Sai aka miƙo yanki kamar kunnen ɓera.

Rana ta uku ta ga goma sha shida, har miyau ya zubo mata. Tasalla na jan wutsiyarta, ta make ta. Aka yanka, aka ajiye. Kafin ta sunkuya, tururuwa ta ɗauka ta yi gaba.

Kura ta yi tsalle. "Cuta ce! Ina zaɓen babba, ana ba ni ƙarami!"

Tasalla, idonta taf da hawayen yunwa, ta ce, "Inna, ranar da muka ci akuya mu biyu, da ranar da dangi suka zo mu goma sha shida, yaushe kika ƙoshi?"

Kunya ta rufe Kura. Can ta ce, "Ashe baƙi nake gayyato mana da bakina! Kwana uku ina hana 'yata ci, ni uwar wayo." Ta matsa kan tabarma tsakanin ɗan bushiya da ɗan kurege. "Malama, fara min daga ba ɗin nan."

Rana ta huɗu Tasalla ta karanta "rabi" har ƙarshe, suka ci suka bar saura.

To yara, idan masu rabo sun yi yawa, kashi ƙanƙancewa yake, kuma a bar mai karatu ya kai ƙarshe. Kada ku cika yi wa Kura dariya. Ni da nake ba ku labarin, sai da jikata ta zaunar da ni da gurasa da wuƙa kafin na yarda.

Kurunkus! Da sauran kilishin ne, da rabi zan zaɓa.