Romon da Alhaji Muntaka Bai Dafa Ba

Akwai wani ɗan kasuwa a Matameye, Alhaji Muntaka mai gyaɗa, wanda idan ya zauna a fada, wato majalisar hira, da la'asar ba shi da zance sai na girki. Ya ce daga nan har Damagaram babu namijin da ya kai shi sanin tukunya. Ya ce lokotoron, wato likitan da ya yi wa matarsa aiki a Tunis, da ya ji yadda yake haɗa romo, sai da ya ɗauko biro ya rubuta.

Sa'adu tela, abokinsa tun na ƙuruciya, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Alhaji, kai da na sani ko ruwan alwala sai an ɗumama maka?"

"Wancan Muntakan da ne," in ji shi. "Lalura ta koya mini."

To ku gyara zama in ba ku asalin abin.

Matarsa, Hajiya Safiyatu, jiki ya yi mata nauyi shekara da shekaru. Ga tansiyo, wato hawan jini, ga suga, gwiwoyi sun ƙi. Shekara shida tana sallah a kan kujera. Da magani ya gaza, aka ba su shawarar aikin rage tumbi, wato a rage shi a bar ɗan kaɗan, yadda abinci kaɗan zai ƙosar da ita. Alhaji ya kai ta, ya yi jinyarta a can, ya dawo da ita. Wannan kam gaskiya ce, ba za a ƙwace masa ba.

Suka dawo da takarda cike da dokoki. Sati biyun farko ruwa-ruwa kawai. Bayan nan sai abin da aka murje ya yi laushi kamar na jariri. Ba mai, ba barkono, ba suga. Kuma kowane ci kada ya wuce cikin ƙaramin kofin gilashin nan na shayi. Lokotoro ya ja musu kunne, ya ce ɗinkin a ciki yake, ido ba ya ganinsa, in aka yi ganganci sai an sake kwantar da ita.

'Ya'yansu mata duk suna gidajen aurensu, nesa. Ranar farko Alhaji ya shiga madafa ya tsaya yana kallon tukwane, su ma suna kallonsa. Ya taɓa murfi ɗaya, uku suka faɗo.

Ta bayan katanga sai ya ji muryar maƙwabciyarsu, Inna Baiwa, tsohuwar da ta yi shekaru tana jinyar marigayi mijinta mai ciwon ciki.

"Alhaji, ajiye kafin ka fasa. Karanto mini takardar nan in ji."

Tun daga ranar, in lokacin cin Hajiya ya yi, sai ƙaramin kwano ya ɓullo ta saman katanga. Alhaji ya karɓa, ya juye a kofin gilashi, ya ɗora a faranti mai fure, ya ɗauki hoto da salula ya tura wa 'yan fada a Watsab. Duk dabarar da tsohuwa ta faɗa masa tana miƙo kwano, kafin ta huce ya mai da ita saƙon murya ya aika.

"Jama'a, sirrin romo. Ka cire fatar kaza kafin ka ɗora. In ta dahu ka tace, ka sa a firigo ya yi sanyi. Man zai taso ya daskare a sama, ka kwashe shi da cokali, sai ruwa garau."

Kashegari kuma, "Kabewa turara ta ake yi, in ka dafa ta a ruwa zaƙin ya gudu. Wake kuwa a jiƙa, a murje ɓawon, shi ne ba ya kumbura ciki. In kana son ɗanɗano ba mai, jefa albasa guda da ɗan daddawa, in sun ba da ƙamshi ka tsame."

Muryoyin nan suka yi ƙafa, har Kance, har Yauri. Mata suna kunna wa mazajensu suna cewa, "Ka dai ji mazan kirki." An ce akwai magidancin da ya daina gaisawa da Alhaji saboda wannan.

Inna Baiwa ta ji labari, ta yi dariya. "In dai Hajiya na ci tana samun lafiya, ya ce ma shi ya shuka kabewar."

Ita kuwa Hajiya Safiyatu ba ta cikin wannan duniyar tasu. Da hantsi takan kishingiɗa a inuwar dogon yaro da kofinta a hannu, tana ɗiba da ƙaramin cokali, tana jujjuyawa a baki kamar mai sauraren wani abu. Rabin sa'a take yi a kan kofi ɗaya. Ta ce tun tana yarinya rabon da ta ji ainihin zaƙin kabewa, da can mai da yaji sun rufe shi.

In ta lumshe ido sai ta ga lambun babanta a bakin korama. Rake ya fi ta tsawo, ganyensa na shafar juna, ƙasa mai sanyi na shiga tsakanin yatsun ƙafarta. Tana tafiya ba ta haki, ba wanda ya riƙe ta. Wani lokaci ta ga kanta da sauƙi kamar auduga, har iska na neman ɗaukarta. Amma abin da ya fi dawo mata shi ne goshinta a ƙasa, ƙamshin tabarma a hancinta, ta daɗe a sujada ba mai ce mata tashi.

"Saura ƙiris, Alhaji," takan ce. "In cikin nan ya warke lafiya, kujerar nan sadaka zan yi da ita."

Ana cikin sati na huɗu, wata Asabar, Inna Baiwa ta tafi Kurni gaisuwar rasuwa. Ta miƙo kwanon safe, ta ce kafin azahar ta dawo. Azahar ta yi, ba Baiwa ba labarinta.

Sai ga mota a ƙofar gida. 'Yan dubiya ne daga Kance: mahaifiyar Hajiya da ƙannenta mata, da kuma Hanifa, 'yar kawun Alhaji, taubashiyarsa, wadda tun suna yara ba ta taɓa barin shi ya sha ruwa da daɗi ba. Sa'adu da 'yan fada biyu da suka zo gaishe da baƙi suka tsaya a bakin zaure.

Tsohuwa ta dubi 'yarta, ta ga wuya ya fito, zobe na yawo a yatsa. Ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Yarinyar nan ta zube. Ana ba ta abinci kuwa?"

Maganar ta soki Alhaji. Kun san mu, a ce matarka ta rame a gidanka, gara a zage ka.

Hanifa ta tafa hannu. "Haba Inna, a gidan sarkin girki? Kai bawana, fito da murhu tsakar gida. Mun gaji da ji a salula, yau da ido muka zo."

"Hayaƙi zai dame ku," in ji Alhaji.

"Gaz ne, ba ya hayaƙi."

"Kazar ba ta narke ba."

"Ga wata mun zo da ita, a fige."

Ya dubi katanga. Ba kwanon da ya ɓullo.

Ya tsuguna gaban tukunya, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Karatun duk yana kansa, amma hannun bai taɓa yi ba. Ya kama fatar kaza zai cire, sai ya ji idon surukarsa a kansa. A zare wa kaza kitsenta a gaban uwar mata? Ta koma Kance ta ce ruwa ake ba 'yarta? Ya bar fatar. Ruwa ya tafasa ya ga ya yi fari fat, abin kunya. Ya ɗauko man gyaɗarsa, mai kyan nan da yake alfahari da shi a kasuwa, ya tsiyaya. Ya ga har yanzu ba launi, ya zuba yaji.

Da ya cika kofin, mai ja ya kwanta a sama, kaurin yatsa guda.

"Ma sha Allah," in ji tsohuwa. "Yanzu na ga abinci."

Hajiya Safiyatu ta karɓa. Ta dubi man. Ta dubi uwarta, ta dubi mijinta da gumi ke ɗiga daga gemunsa. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kwance masa zani a kasuwa ba. Ta yi bismillah, ta ɗebo, ta nufi baki.

Alhaji bai san lokacin da ya tashi ba. Sai ganinsa aka yi ya riƙe mata wuyan hannu, a gaban surukarsa, abin da bai taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura aurensu.

"Kada ki sha, Hajiya."

Tsohuwa ta kau da kai ta ja mayafi.

"Me ya faru, bawana?" in ji Hanifa. "Ba kai ka dafa ba?"

"Ni na dafa. Shi ya sa."

Ya zauna a ƙasa, ya faɗi komai, kwanon katanga da muryoyin da hotunan. Sa'adu a bakin zaure ya cusa hularsa a baki.

Hanifa ta ɗauki kofin ta kurɓa, ta yi tari har da hawaye. "Wannan ko mai lafiya sai ya bar wasiyya." Ta ɗaure ɗankwali, ta juya ga Hajiya. "Yaya, faɗa mini yadda Inna Baiwa ke yi, yanzu in turara miki kabewa. Kai kuma sarkin girki, shiga madafarka ka miƙo mini rariya."

Alhaji ya shiga. Aka ji ƙarar kwanuka. Aka jira, aka jira.

Can ya fito ya tsaya a tsakar gida, maburgi a hannun dama, murfin tukunya a hagu, ya dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya.

"Wacce ce a ciki?"

Darasi: Wanda ya taimake ka a ɓoye, kada ka sa rigar aikinsa ka fita kasuwa, don ranar da aka ce gwada, ba kai kaɗai za ka sha wuya ba. Kuma in likita ya kafa wa mara lafiya doka, kada kunyar baƙi ko tsoron bakin mutane ya sa a karya ta, kunya tana wucewa, lafiya in ta tafi sai an nemo ta. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mazan da suka iya girki a salula.