Makullin Taguwa

Ga wata nan gare ku, ba ta Gizo ba ce, ba ta aljanu ba. Baffa Ilu ne ya ba mu ita a ƙofar gidansa, yana bayarwa yana buga sandarsa a ƙasa don takaici, ni kuma na ga bai kamata ta ƙare a bakin tabarmarsa ba.

A wani ƙauye da ake kira Kalgon Tudu an yi wani direba, Malam Tanimu, yayan Baffa Ilu. Yana da wata tsohuwar bas irin mai inji a baya, wadda ba ta da lagireto, fanka ce kawai ke hura wa injin iska. Da yake ba ta shan ruwa, sai mutane suka sa mata suna Taguwa. Kukanta daban yake da na kowace mota, wani irin tatata mai ɗan shaƙewa, wanda ko yaron goye ya san shi. Duk ranar kasuwa ita ke kwasar mutane zuwa bakin gulbi, inda Baba Makau mai fito ke tsallakar da su a kwalekwale. Kasuwa tana tsallake, asibiti ma yana tsallake. Malam Tanimu kuwa yana da doka guda da bai taɓa karyawa ba: idan ba ranar kasuwa ba, Taguwa ba ta zuwa bakin gulbi sai da marar lafiya a cikinta.

Kafin ya rasu ya ba matarsa, Inna Marka, motar kyauta a gaban shaidu, don haka ba ta shiga rabon gado ba. Inna ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Ya bar 'ya'ya uku: Gwadabe, ɗan fari, mai walda, Hansai, da ke aure a nan cikin gari, sai autansu Nazifi, wanda ya karanci aikin injina a birni. Ba a gama karɓar gaisuwa ba suka fara jayayya a kan motar, kuma wallahi abin kunya ne yadda suka yi ta. Mota tana tsaye a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, matan gari na tafiya bakin gulbi a ƙasa da kaya a ka, su kuma 'ya'yan mai ita suna zaure suna musu.

Gwadabe ya ce matsalar Taguwa a ƙafa take. Hanyar da mahaifinsu ya sani ba ita ce ta yau ba. An ba wani ɗan kwangila aikinta, ya zo ya kankare ta, ya tara tsakuwa, ya ɗauki hoto ya tafi, ruwa kuma ya zo ya haƙa kwazazzabo a tsakiyarta. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa ba za ta wuce ba. 'Yan'uwansa suka ce kada ya taɓa. Sai ya jira ranar da duk gidan suka tafi suna a wani ƙauye, ya tara abokansa suka tura motar zuwa shagonsa, ya kwance ƙafafunta, ya ɗaga ta, ya ƙara mata ƙarfe, ya sa manyan tayoyi. Da aka dawo aka tarar da Taguwa ta yi tsayi kamar taguwar gaske. Inna, wadda ba ta kiran sunan ɗan farinta, ta dube ta ta dube shi.

"Kai wannan, yanzu da turmi zan riƙa hawa motar mijina?"

Da turmin kuwa ta riƙa hawa. Motar kuma ta koyi rangaji a kwana, abin da ba ta taɓa yi ba.

Nazifi ya ce ai Yaya Gwadabe ya yi wa gawa kwalliya ne. Matsalar a inji take. Injin ya tsufa, ba ya hawa tudu sai da nishi, kuma kowa ya san halinsa: da ya ji danshi ba ya tashi sai an tura. Ya samo wani inji mai lagireto na wata mota da ta yi haɗari, ya ɗauko shi a akori-kura har ƙofar gida, da zanen yadda zai huda bayan motar ya bi da bututun ruwa. Aka hana shi. Ya yi fushi, ya mayar da injin, ya daina cin tuwon gidan. Amma bai haƙura ba. Wata rana ya karɓi makulli wurin Inna da sunan zai sauya baƙin mai. Ya buɗe inda wuta ke rabuwa zuwa filogi, ya cire tsohon kwantak ɗin da ke jin sanyi, ya sa wata 'yar na'ura ta zamani wadda ba ruwanta da danshi, ya sauya wayoyi, ya toshe duk wata kafa da ruwa zai bi, ya mayar da murfin yadda yake. Daga waje ba abin da ya sauya. Ya dubi idon mahaifiyarsa ya ce mai kawai ya zuba.

Hansai ita ce ta hana a cire injin. Ranar da akori-kurar ta tsaya, ta fito daga gidan mijinta ko mayafi ba ta gyara ba, ta shimfiɗa tabarma a bayan Taguwa, ta jingina da murfin injin ta zauna.

"Yaya Hansai, ki tashi, ƙarfe ne fa, ba mutum ba," in ji Nazifi.

"To Injiniya, fara kwance ni, sannan ka kwance shi."

"Mota ce ake so ta yi gudu ko gidan tarihi za mu buɗe?"

"Wanda ka ga dama. Idan ka sa mata muryar wata motar, wa zai san ita ce?"

Mutane suka taru suna dariya, ana cewa Hansai ta auri inji. Ba ta kula ba. Ta wuni a wurin, aka kawo mata jaririnta ta shayar da shi a wurin, sai da akori-kurar ta juya sannan ta naɗe tabarmarta. Ko salansa, wato bututun hayaƙin motar, ba ta yarda an sauya ba, da ta huje sai ta sa Gwadabe ya liƙe ta.

Ana nan damina ta yi tsakiya. Wata Laraba, wadda ba ranar kasuwa ba ce, aka tashi da ruwa, ya ɗan tsagaita bayan azahar. Inna Marka ta zaga bayan gida tsinko rama, ta sa ƙafa a cikin ciyawa, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Kowa a yankin ya san aikin kububuwa: jini ne ke tsinkewa ya ƙi tsayawa. Allurar tana asibitin tsallake. A nan ne raina ya fi ɓaci. Gari guda na manoma, a ƙasar macizai, babu 'yar firiji mai aiki da hasken rana da za a ajiye allura ko kwalba ɗaya, babu gada, waya kuma ba ta kamawa sai an hau dutse. An yi ta zuwa neman ƙuri'a, kowa ya zo ya ga gulbin da idonsa. Motar da ta rage a garin ta wani mai riƙe da muƙami ce, ita ma tana birni tare da shi. Babur kuwa ba ya iya taɓon, balle da tsohuwa a kwance.

Aka kwanto makulli daga bakin zanen Inna, aka shimfiɗa ta a kujerar baya. Ruwa ya dawo da ƙarfinsa. Maza suka tattare wanduna za su tura, ko da yake kowa na ganin ƙasar ta zama kunu, ba inda ƙafa za ta kafu. Gwadabe ya murɗa makulli don kawai a ce ya gwada. Taguwa ta tashi nan take. Aka tsaya ana kallon juna, domin ko a hannun mai ita ba ta taɓa tashi cikin ruwa ba.

"Ni ne," in ji Nazifi. "Ku zage ni a hanya. Yaya, ja mu tafi."

Suka kama hanya. A kwazazzabon ɗan kwangila ruwa na gudu ja wur, ya rufe duwatsun da ke ƙasa. Gwadabe ya sa giya ta ɗaya ya shiga. Suna jin duwatsu na gogar ƙarfen da ya ƙara, ruwa na dukan ƙofa, yana fantsama kan injin a baya. Da tsayinta na da ne, a nan cikinta zai dafe kan dutse ta zauna. Da wutarta ta da ce, a nan za ta mutu. Ta haye. Amma a kwanar da ke gaba ta yi rangajin nan nata har tayoyin gefe guda suka bar ƙasa, Inna ta zamo daga kujera ta bugu da ƙarfe, goshinta ya fashe, jinin da ba ya tsayawa ya sami wata ƙofar. Hansai ta danne wurin da ɗankwalinta. Sai tudu. Tsohon injin ya riƙa jan jiki yana nishi, har mai tafiya a ƙasa zai iya jerawa da su, ƙafar Inna na ƙara kumbura suna kallo. Nazifi ya juyo ya dubi yayarsa, ita kuwa ba ta ɗago ba.

Da suka iso bakin gulbi, gulbin ya cika ya tumbatsa, ruwan sama ya rufe tsallake ba a ganin komai. Baba Makau ya ɗaure kwalekwalensa a can, ya shige bukka. Akwai wata motar 'yan kasuwa a wurin tun hantsi, direbanta ya yi hon har batir ya yi sanyi, tsohon bai leƙo ba, don ya daina sa ransa a bakin ambaliya saboda buhunan albasa. Gwadabe da Nazifi suka yi ta ƙwala kira, iska na mayar musu da muryarsu. Sai Hansai ta bar Nazifi riƙe da goshin Inna, ta ce wa Gwadabe ya juya bayan motar ya fuskanci ruwa, sannan ta tsallaka kujerar direba. Ta sa ƙafa a totur tana takawa tana saki, tana takawa tana saki, yadda ta ga mahaifinsu na yi tun tana yarinya. Kukan Taguwa ya bi saman ruwa.

Baba Makau da bakinsa ya faɗa daga baya. Ya ce yana kwance ya ji tatata, ya ce a ransa Tanimu ya rasu, yau kuma ba kasuwa ba, to rai ne a cikin motar nan. Ya ce da wani kukan ne daban, ko na motar gwamna ne, ba zai kwance igiya ba. Ya kwance, ya yi faɗa da gulbin har ya iso, aka sa Inna a ciki.

Inna Marka ta rayu. Ma'aikaciyar asibitin ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai a yi haƙuri, ta kuma ce da an zo da wuri da ƙafar ba ta lalace haka ba. Har yau Inna tana ɗingishi, akwai tabo a goshinta, kuma ta san autanta ya dubi idonta ya yi mata ƙarya.

Da ta dawo gida ta aika aka kira ƙanen mijinta, Baffa Ilu, da 'ya'yan uku. Ta ajiye makullin a kan tabarma.

"Na gaji da ɗaure shi a zane," ta ce. "Mota mai direba uku a gindin bishiya take kwana. Ɗaya zan ba, daga yau shi ke cewa a taɓa ko a bari, sauran su yi shiru. Malam Ilu, kai ne ubansu, zaɓa."

Gwadabe ya ce ba don ƙafafunsa ba da a kwazazzabo aka yi zaman makoki. Hansai ta ce ƙafafun nasa ne suka fasa wa Inna goshi, kuma satar motar ya yi ya sa su. Nazifi ya ce ba don wutarsa ba da ko ƙofar gida ba a bari ba. Gwadabe ya ce wanda ya yi wa uwarsa ƙarya ba a ba shi amana. Hansai ta ce da an biye wa su biyun da sun isa bakin gulbi da wuri su tsaya suna kallon ruwa tare da mai albasa. Nazifi ya ce taurin kanta ne Inna ke ja a ƙafarta ta hagu.

Baffa Ilu ya miƙa hannu zai ɗauki makullin, ya janye. Ya ce shi kam kowanne ya duba sai ya ga wanda ya ceci matar yayansa, ya sake dubawa ya ga wanda ya cuce ta. Makullin yana nan a ƙarƙashin matashin Inna, Taguwa ta koma gindin darbejiya, kaji sun koma ƙarƙashinta, damina kuma ba ta ƙare ba, ciyawa na ƙara tsayi a bayan gidajen Kalgon Tudu.

To jama'a, tsakanin Gwadabe da ya ɗaga ƙafarta ba da izini ba, da Nazifi da ya sauya wutarta a ɓoye, da Hansai da ta hana a taɓa muryarta, wa za ku miƙa wa makullin Taguwa?