Ranar da Takobin Sarki ya Faɗi daga Hannun Barmo

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki da ya ƙare ƙuruciyarsa a fagen fama. Da ƙasa ta kwanta, sai tsoro ya kama shi kada zaman lafiya ya sangartar da mazajensa. Ya sa aka jera duwatsu a ƙofar fada, ya yi doka cewa kowace safiya dogarawansa arba'in za su ɗaga dutse sama da kai sau hamsin, ba Juma'a ba Salla. Wanda ya fi kowa ɗaga babban dutse, shi ke riƙe takobin sarauta a bayan Sarki.

Shekara bakwai wannan girma yana hannun wani dogari mai suna Barmo. In ya gama da dutse, sai ya tsaya bayan gadon sarauta tun hantsi har la'asar, takobi a ɗage, kai a sunkuye don ladabi, kafaɗu sun ranƙwafo gaba. Tun a shekara ta biyar kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Daga baya ya riƙa jin kamar kiyashi na bin hannunsa daga wuya har yatsu. Bai gaya wa kowa ba, domin dogarin da ya ce ya gaji, korarsa ake yi.

Ran nan, ana zaune da baƙi daga wata ƙasa, takobin ya suɓuce daga hannunsa, ya faɗi ya yanki gefen alkyabbar Sarki. Galadima ya ce wannan ganganci ne, ko kuwa an sayi Barmo. Sarki, don kunyar baƙi, ya yanke hukunci a sare hannun da ya saki takobin.

Waziri Tanimu, tsoho ne da ya yi wa uban Sarki hidima, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, hannun da aka sare ba ya komawa. A ba ni kwana uku." Sarki ya ce ya ba shi.

Waziri ya tafi kurkuku, ya tarar da Barmo zaune ya tallafe gwiwar hannunsa. Ya ce, "Barmo, wa ya aike ka?"

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya aike ni. Ni ma ƙarar faɗuwarsa na ji, ban san ya bar hannuna ba. Shekara biyu ke nan ba na iya kwantawa ta wannan gefe. In za a sare, a sare. Wataƙila in huta."

Waziri ya dubi hannun. Sa'an nan ya aika aka kira Nomau, wani maɗori da ke duba masu dakon gishiri a kasuwa. Nomau ya lallatsa yatsun Barmo. Ya danna tsakanin wuya da kafaɗa, sai Barmo ya zabura, ya ce abin ya tsarga har ɗan ƙaramin yatsa.

Nomau ya ce, "Waziri, hannun nan lafiyarsa ƙalau. Jijiyar da ke saukowa daga wuya ce nama ya kumbura ya matse. Nauyi da safe, sunkuyo da rana, ba hutu. Kullum ina ganin irinsa ga 'yan dako. Kuma ba na jin shi kaɗai ne a fadar nan."

Rana ta uku fada ta cika. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin maganar Barmo, an kawo mini wata shari'a ta gagare ni. Wani mai lambu ne albasarsa ta bushe, ya ce zai tuge ta don ta ci amanarsa. Da aka duba, sai aka ga dutse ya toshe hanyar ruwa. Wa ke da laifi?"

Sarki ya ce, "Wannan ai ba shari'a ba ce. Albasa ba ta da laifi. A nemi wanda ya aza dutsen."

Waziri ya ce, "To, ina roƙon a kira dogarai."

Aka jera su su talatin da tara, manya-manya, kowa kamar ya ɗauki bijimin sa. Waziri ya sa aka zuba riɗi a faifai, ya ce kowa ya tsinci ƙwaya ɗaya da yatsu biyu, idonsa a rufe. Fadawa suka fara murmushi. Na farko ya tsinta. Na biyu ya lalluba, ya lalluba, ya ɗago hannu ba komai. Kafin a kai ƙarshe, mutum goma sha shida sun kasa, kuma murmushi ya ƙare.

Sarki ya dubi ɗayansu ya ce, "Kai, tun yaushe?"

Dogarin ya ce, "Tun damina, ranka ya daɗe. Matata ke ɗaura mini mazagin wando."

Sarki ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Waziri, na gane wanda ya aza dutsen. Me ya hana a gaya mini?"

Waziri ya ce, "Sau biyu na fara, ka ce tsufa ne ya sa ni tausayi. Ni ma na gaji, na yi shiru. Ina da nawa laifin."

Sarki ya sa aka kawo Barmo aka kwance shi. Ya soke hukunci a gaban jama'a. Ya ce daga yau kowa ya ɗaga abin da jikinsa zai ɗauka, kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a huta. Riƙon takobi kuma a riƙa karɓa-karɓa, mai riƙewa ya tsaya da kansa a miƙe. Ya sa Nomau ya duba duk wanda ya kasa tsintar riɗi. Sa'an nan ya ce, "Barmo, na zalunce ka. Roƙi abin da kake so."

Fadawa suka zuba ido, suna zaton zai nemi doki ko sarauta. Barmo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a bar ni in zauna."

Ba a taɓa ganin dogari zaune a gaban Sarki ba. Sarki ya sa aka shimfiɗa masa buzu. Barmo ya zauna, ya jingina bayansa da ginshiƙi, ya saki ajiyar zuciya.

Wata huɗu Nomau yana gasa masa kafaɗa yana koya masa miƙe wuya. Ciwon ya tafi, amma yatsunsa biyu ba su dawo daidai ba har ya tsufa. Sarki ya ba shi tsaron ƙofar gabas, inda akwai dakali da inuwar tsamiya, kuma a nan ya ƙare aikinsa.